An Mayar da Ita Ɗakin Guga

Tana cikin saka wa wata mata rigunanta a leda, mai shagon wankin ya leƙo ya yafito ta.

"Ƙanwata, daga yau ki koma ciki wajen guga," ya ce, idonsa a kan injin wanki. "Aikinki dai babu na biyunsa. Masu kawo kaya ne ke ƙorafi, wai in sun gaishe ki sai ki zuba musu ido kamar dole aka yi miki."

"To," ta ce.

Iyakar abin da ya fito ke nan, alhali cikinta cike yake da magana. Tana son kantar nan. Tana son ganin mutane suna shigowa da hayaniyarsu, wani ma har ta san ƙamshin turarensa. Amma tun da aka sallamo ta daga asibitin ƙwaƙwalwa, muryoyin da ke zaginta a cikin kanta suka yi shiru, fuskarta ma ta bi su. Ko daɗi ta ji ko zafi, ba ya kaiwa waje. Muryarta ta zama shimfiɗaɗɗiya, ba hawa ba sauka.

Mai shagon ya ga kamar ba ta damu ba, ya yi ajiyar zuciya ya fita.

Ɗakin gugar ba shi da taga. Ta goge riguna har hantsi ya wuce, daga ita sai tururi. Da rana ta nemi izini, ta hau bas zuwa asibiti, don ranar allurarta ce.

A kan bencin jira ta tarar da wani da ake kira Direba, tare da yayarsa. Lokaci ɗaya aka kwantar da ita da Direba a da, ciwonsu ɗaya. Shi har yanzu da fara'arsa, ga baki kamar rediyo, amma rabonsa da sitiyari tun kafin ya kwanta. Likita ya taɓa yi mata bayani cewa in ciwon ya lafa yakan bar saura iri biyu: wani ya rasa fuska da murya, wani kuma himmar ce ke mutuwa, ya yi ta son abu ya kasa tashi ya yi.

"Sannu, 'yar'uwa," in ji yayar. "Ke kam kin warke, kina aikinki. Wannan da kike gani, tun safe nake fama da shi ya yi wanka. Ƙarshe ni na zura masa takalmi."

"Yaya, ai na sa rigar da kaina," ya ce yana dariya.

"A bai-bai."

Aka kira yayar wajen karɓar kati, ta tashi tana mita. Direba ya juyo ya ƙare wa mai gugar kallo.

"Wa ya taɓa ki yau?"

Ta manta rabon da a yi mata irin wannan tambayar. Ko mahaifiyarta ta daina.

"Ya aka yi ka sani?"

"Hannunki mana. Tun da kika zauna kike murɗa igiyar jakar nan. Haka kike yi a da in masu ziyara sun watse ba a zo miki ba."

Sai ta gaya masa, a gutsure, kalma biyu ta tsaya, uku ta tsaya. Bai katse ta ba, bai kuma nemi komai a fuskarta ba.

"Wannan ba daidai ba ne," ya ce. "Gobe da sassafe zan zo shagon in same shi. Zan yi masa bayani dalla-dalla, ai ni na iya magana."

Da gaske yake, ta gani a idonsa. Ta kuma san gobe rana za ta yi tsaka yana kwance yana kallon rufin ɗaki. Ya sunkuyar da kai, da alama shi ma ya sani.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira ta. Ta miƙe, ta rataya jakarta, ta ɗan tsaya a kansa.

"Shagon yana bayan gidan mai," ta ce. "Mai koriyar ƙofa."