Furfurar Angurya

Shekara talatin da ɗaya Evaristo Berrocal ya yi yana aiki a injin gurzar auduga da ke bakin garin Cereté, kuma ranar da aka rufe wurin aka ɗana kwaɗo, bai fito da komai ba sai tari da bushewar ido. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yan sun watse, ɗaya a Montería, ɗaya a Bogotá. Sai ya tattara ya koma gidan yayarsa Hermelinda, wadda ta girme shi da shekara huɗu, kuma har yau take masa kallon wanda ba zai iya tsallaka titi shi kaɗai ba.

Rayuwa ta yi masa laushi a gidan. Ya ɗaura lilonsa na raga tsakanin bishiyar mangwaro da ginshiƙin rumfa, idan rana ta take sai ya miƙe a ciki, ba barci ba, ba ido biyu ba, yana jin kukan kurciya da gurnanin firijin maƙwabta. Ƙarfe uku na yi zai zura silifas ya taka zuwa tagar Doña Zunilda mai askirim, layi biyu daga gida, ya sayi na kwakwa guda ɗaya, ya shanye a tsaye a inuwar katangarta. Abin da ya rage masa ke nan na son rai.

Wata Talata ya dawo ya tarar da Hermelinda a tsakar gida, tabarau a kan hanci, ta kwashe duk abin da ke kan kantoci da cikin firiji ta jibge a kan tebur. Tana ɗaga kowace leda da kowace kwalba tana karanta ƙananan rubutun baya da ɗan yatsa.

"Lafiya, Yaya? Tashi za mu yi?"

"Tashi zuwa kabari, in ba a yi da gaske ba. Zo ka gani." Ta miƙa masa wayarta. Wata ƙawarta ta coci ce ta turo saƙo, wai akwai wani danƙo da ake zubawa a abincin leda da na gwangwani, sunansa danƙon selulos, wai garin katako ne, yana manne wa mutum a hanji har ya mutu. "Ga shi a burodi. Ga shi a yogot. Ga shi a miyar kwalba. Har a man goge baki, Evaristo! Har a maganin da kake ɗigawa a ido!"

"To ai ba shan maganin idon nake yi ba."

"Ka yi mini shiru. Kuma askirim ɗin waccan matar, daga yau kun yi sallama."

Ta zuba komai a kwali ta tura ƙarƙashin gadonta. Kwana uku suna cin dafaffen rogo da cuku, suna goge baki da gishiri. Idanunsa suka koma kamar an zuba musu yashi.

A rana ta huɗu, da Hermelinda ta tafi kasuwa, ya saci jiki zuwa tagar Doña Zunilda. Mace ce mai jiki, mai dariya da ƙarfi, kullum da tawul a kafaɗa.

"A'a, Don Evaristo! Na ce ko ka yi sabuwar budurwa ne ka manta da mu."

"Budurwar da ta fi ƙarfina ce ta tsare ƙofa. Doña, don Allah gaya mini gaskiya, kina zuba danƙon nan a askirim ɗinki?"

"Ina zubawa mana. Shigo ka gani da idonka, kafin yayarka ta sa a ƙone ni a dandali."

Ɗakin da take aiki akwai sanyi, yana ƙamshin kwakwa da madara. Ta sauko da wani ɗan buhu daga kantar bango, ta buɗe. Gari ne fari, mai laushi, ba ya wari. Ta ɗebi ɗan kaɗan a bakin cokalin shayi ta ce wannan ya ishi babbar tukunya. Ta barbaɗa a kofin ruwa ta kaɗa, ta kaɗa, ruwan ya yi kauri, ya kama yauƙi kamar na kuɓewa, amma garau kamar gilashi.

"In ban sa ba, ƙanƙara ce ke fitowa tsinke-tsinke, kana ci tana ƙaras-ƙaras a haƙori, kuma kafin ka kai bakin titi ya zube maka a riga. Shi ne aikinsa, ba wani abu ba."

"Da gaske garin katako ne?"

"Wani daga itace ake yinsa. Nawa kuwa, mai kawo mini ya ce daga auduga ne. Wannan ɗan gashin da ke saura a jikin angurya bayan an gurza, shi ake wankewa a sarrafa."

Evaristo ya nemi kujera ya zauna.

Wannan gashin ai shi ne aikinsa. Ba a babban injin yake ba, inda farar auduga mai tsawo ke fitowa ana yaba ta. Shi yana can baya ne, a inji na biyu, inda ake aske angurya har ta fito baƙa sumul. Abin da ake askewa gajere ne, ruwan toka, ba ya kaɗuwa balle ya saƙu. Furfura suke kiransa. Yanzu da ya rufe ido sai ya ga ɗakin kamar jiya: hasken rana na shigowa ta hujin kwano, furfurar tana yawo a cikinsa a hankali, ba ta sauri, ba ta sauka, kamar ba ta san akwai ƙasa ba. Tana kwanciya a gira, a gashin hannu, a kan kofin da aka ajiye. Samari 'yan shekara ashirin su fito da yamma kansu fari fat, 'yan mata na tsokanarsu da kaka. A ɗaure ta dila-dila, manyan motoci su kwashe su nufi Barranquilla, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu inda take ƙarewa. Wasu su ce katifa, wasu su ce albarushi. Akwai wani da ke rantsuwa wai matashin kan gawa ake yi da ita.

"Don Evaristo? Ko in kawo ruwa?"

"Shekara talatin ina shaƙarta a banza," ya ce a hankali, "yanzu kuma ina sayenta da kwakwa."

Ta yi dariya har tana dafa tebur, ta ba shi askirim guda ɗaya ta ce na yau kyauta ne.

Bai koma gida kai tsaye ba. Ya bi bakin rafi, inda ruwa ke tafiya kamar bai so. Gonakin da ke tsallake duk masara ce yanzu, amma da ya ƙanƙance busassun idanunsa sai ya ga sun yi fari har ƙarshen gani, mata da manyan huluna suna tafe a duƙe, buhu na jan ƙasa a bayansu. Ya tuna mutanen da ke nesa, a garuruwan da bai taɓa zuwa ba, yaro a bakin teku yana lasar askirim, tsohuwa tana ɗiga magani a ido, wataƙila a cikinsu akwai wanda ya taɓa haɗiyar abin da ya bi ta hannunsa. Askirim ɗin ya narke a bakinsa sannu a hankali, bai ji tsinken ƙanƙara ko ɗaya ba.

Da ya ba Hermelinda labari, ta dube shi ta saman tabarau.

"Wato katifa kake ci ke nan. Madalla."

Amma ranar da za a auna masa sukarin jini ta ɗauki kwalin ta bi shi asibitin unguwa, ta zazzage kayan a gaban ma'aikaciyar jinya, wata doguwa mai suna Yarledis. Ita kuwa ta duba ɗaya bayan ɗaya ba tare da gaggawa ba.

"Mama, wannan abin an yarda a sa shi a abinci, kuma kaɗan ake sawa. Jiki ba ya narkar da shi, wucewa yake yi, ba ya manne wa kowa. In ya yi yawa yana iya sa kumburin ciki ko ya saki ciki. Akwai masu binciken da har yanzu ke duba yadda yake yi da hanjin mai yawan cin abincin leda, don haka in kin rage ledojin nan kin koma tukunyarki, ba zan hana ki ba. Amma maganin ido ki mayar masa yau, dubi yadda idanunsa suka yi ja." Ta juya ga Evaristo. "Kai kuma Baba, ba danƙon ne matsalarka ba. Sukarin da ke cikin askirim ɗin ne. Sau ɗaya a mako."

"Kin ji ko?" in ji Evaristo.

"Kai dai ka ji," in ji Hermelinda.

Miyar kwalba ba ta sake shiga gidan ba, Hermelinda ta koma haɗa tata da tumatir da albasa. Man goge baki da maganin ido suka koma mazauninsu. Aka tsayar da Lahadi bayan coci, kuma don kada ya yi mata wayo ya sha biyu, ita ke raka shi. Lahadi ta farko ta tsaya gefe da lema tana hararar tagar. Ta biyu ta karɓi nasa ta ɗan lasa, tana juya shi a baki, sannan ta leƙa ta tagar.

"Zunilda, kwakwarki ta yi kaɗan. Ba ni na gwaiba in ji."