Kututture a Ƙarƙashin Aji

Alhaji Abdul-Wadud ya ɗaga guntun katakon sama don kowa ya gani, sannan ya matse shi da hannu ɗaya. Katakon ya ruguje kamar busasshen burodi, gari da jar ƙasa suka zubo masa a kan takalmi.

"Ga aikin Masta Issifu," in ji shi. "Katakon odum mai ƙwari muka ce, odum ya rantse ya sa. Jama'a, wannan odum ne?"

Mutum wajen talatin ne a farfajiyar makarantar Islamiyyar da ke gangaren Moshi Zango. Ranar Laraba silin ɗin ajin 'yan mata ya rufto ana tsakiyar karatu. Allah ya tsare yaran, amma Malama Huda, wadda ta tsaya tana tura su waje, ta samu karaya a hannu. Jiya kuma bayan sallar Juma'a Alhaji, shugaban kwamitin makarantar, ya tsaya a ƙofar masallaci ya shaida wa duniya cewa kafintan da ya yi rufin shekara huɗu da suka wuce ya ci amana. Wai katako mai arha da ake kira wawa ya sa, wanda ya zo da gararsa tun daga kasuwa.

Issifu yana tsaye a gefe, jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Shekara talatin da biyu yana wannan sana'a a Kumasi, rabin ƙofofin unguwar nan shi ya kafa su. Amma daga jiya zuwa yau mutum biyu sun bugo waya sun ce ya dakata da aikinsu. Da safen nan kuma da ya wuce wurin mai koko, ya ji wani ya ce "Masta Wawa", aka tuntsire da dariya.

Liman Ramalan, dattijon da ya ɗaura masa aure, ya matso kusa da shi ya rage murya.

"Issifu, ka ce a yi haƙuri, kuskure ne. Magana ta mutu a nan, ba wanda zai kai ka ko'ina."

"Malam, in na ba da haƙuri a kan abin da ban yi ba, gobe wa zai ba ni ko benci in gyara?"

"To me kake so?"

"A buɗe mini ajin."

Aka buɗe. Jama'a suka duru a bayansa, wasu suka leƙo ta taga. Issifu ya jingina tsani ya hau ta inda silin ya ɓurme, ya ɗauki hama ya buga babban katakon da ke ɗauke da kwano. Ƙarar ta fito tas, kamar an buga ƙarfe.

"Wannan shi ne odum," ya ce daga sama. "Ga shi nan bai ko girgiza ba. Wanda Alhaji ya murƙushe na silin ne, silin kuwa duk Kumasi da wawa ake yin sa. A gabanku na shafe shi da baƙin mai."

"Ko ma dai wanne ne, da gara ya zo," in ji Alhaji.

Issifu ya sauko yana bin bango da ido, har ya tsaya a gaban kabad ɗin littattafai da ke kusurwa. Ya sa kafaɗa ya ture shi. A bayan kabad ɗin ga wani layi na jar ƙasa, kaurinsa kamar ɗan yatsa, ya fito daga wata tsaga a daɓe ya miƙe har sama. Ya sa ƙusa ya fasa shi a tsakiya. Ƙananan gara farare suka watse suna neman duhu, nan take wasu masu jan kai suka cika bakin wurin, baki a buɗe.

"Kun ga fararen nan, su ne ma'aikata. Masu jan kan kuma sojoji ne, ba sa ko iya ci da kansu, sai an ba su a baki. Irin wannan garar ba ta hawa mota, Alhaji. Ba ta son rana, ba ta son iska, shi ya sa take gina wa kanta rufaffiyar hanya. Dole ta koma ƙasa ta nemi laima, ta kai wa uwarta abinci. Ka raba ta da gida, kwana biyu ta bushe. Gidanta yana nan ƙarƙashin ƙafafunmu."

Ba a makaranta ya koyi wannan ba. Yana yaro, a ƙauyensu da ke kusa da Bawku, kakansa kan kai shi fasa suri don su samo wa 'ya'yan zabi abinci, kuma tsohon ba ya fasa suri bai yi bayani ba.

Issifu ya juyo ya dubi shugaban kwamitin ido cikin ido.

"Alhaji, ina kututturen mangwaron da yake nan kafin a yi gini?"

"An tone shi."

"Ni na ce a tone. Kai ka ce azumi ya matso, baƙi za su zo buɗe makaranta, a zuba kankare a kai."

"Ƙarya kake yi!"

Issifu ya fita. Da ya dawo, guduma ce a hannunsa na dama, diga a na hagu, ya aro su wurin magina a maƙwabta. Alhaji ya tare ƙofa.

"Ka taɓa daɓen nan, wallahi 'yan sanda zan kira. Ka rusa sama bai ishe ka ba, sai ka haɗa da ƙasa?"

"Kira su. Su ma su zo su gani."

Hayaniya ta tashi. Wasu na cewa a bar shi, wasu na cewa dukiyar al'umma ce. Sai wata murya ta mace ta ratso daga baya. Malama Huda ce, hannunta a naɗe an rataye shi a wuya, fuskarta duk ta faɗa.

"Baba Alhaji, ka yi mini haƙuri. Hannun nan nawa ne ya karye, ba na kwamiti ba. Kuma ni zan dawo da yara arba'in cikin ɗakin nan. Ina so in san abin da ya karya ni."

Liman ya dubi Issifu. "In ka fasa ba ka samu komai ba fa?"

"In gyara daɓen da hannuna, in rufe shagona, in bar muku Zango."

Maganar ta fita kafin ya auna ta. Ya tuna matarsa Nasiba, da shagon da ya gina da kansa a bakin titin Krofrom, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Alhaji ya matsa gefe yana murmushi.

Issifu ya fara daga tsagar. Kankaren ya fi yadda ya zata kauri, sai da ya yi masa bugu goma sha biyu kafin ya buɗe. Ya ajiye guduma ya ɗauki diga. Jar ƙasa, tsakuwa, ɓaraguzan bulo. Ya haƙa har gwiwa, babu ko saiwa. Rana ta ɗaga, kwanon rufi ya fara zafi, rigarsa ta manne a baya. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Ya ji masu leƙe ta taga sun fara raguwa, ya ji wani yana cewa, "Tsufa ne, bai san inda ya dosa ba."

A karo na farko tsoro ya kama shi. Ko dai an tone kututturen ne bayan ya tafi? Ya tsaya yana haki, ya dubi taga. Daga nan ana hango rijiyar gidan maƙwabta. Sai ya tuna yadda mata kan ajiye bokiti a inuwar mangwaron suna jiran layi, rijiya tana hannun dama, ba a gaba ba. Ashe ba daidai wurin bishiyar ya haƙa ba. Ya fito daga ramin, ya ƙirga taku uku zuwa tsakiyar aji, ya ture benci.

"Rami na biyu ke nan," in ji Alhaji. "Ku shaida."

Wannan karon tun bugun farko ƙarar ta bambanta, kamar an buga ganga. A bugu na huɗu kankaren ya rufta da kansa, wani ɗumi ya taso mai warin rima. Ga kututturen nan, faɗinsa ya kai faifai biyu, ɓawo kawai ya rage, cikinsa duk ƙasa ce da ramuka. A gefensa wasu dunƙule-dunƙule masu kama da soso, gara tana zuba daga cikinsu kamar an kwance buhun shinkafa.

Wata mata ta yi salati. Waɗanda suka tafi suka dawo a guje.

Issifu bai tsaya ba. Ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin saiwoyin. Sojojin suka hau shi, suka kafa baki a damtsensa har jini ya fito, bai ko karkaɗe su ba. Ya daɗe yana lalube kafin ya ciro wani curin ƙasa mai tauri kamar dutse, girman burodi. Ya ɗora shi a kan teburin malama, ya sa kurfinsa na sassaƙa ya raba shi biyu a hankali.

Tana kwance a ciki, fara sol, tsawonta ya fi babban yatsansa, cikinta yana motsi kamar mai numfashi. Kanta ɗan ƙarami ne, ƙafafunta ba za su iya ɗaukar ta ko'ina ba.

"Ga uwar," in ji Issifu. "Tun da ta shiga ɗakin nan ba ta sake fita ba, ƙwai kawai take zubawa dare da rana. Duk wanda ya ci silin ɗinku ɗanta ne." Ya share gumi da gefen hannu. "Ita ba ta yi laifi ba. Aikinta ke nan, ta cinye mataccen itace ta mai da shi ƙasa. A gona, wurin tsohon suri dawa ta fi yin kyau. Mu ne muka binne mata abinci, muka kuma yi mata rufi."

Malama Huda ta daɗe tana kallon abin da ke kan teburinta, sannan ta ɗago ta dubi Alhaji. Kowa ma shi yake kallo.

"To," in ji Alhaji yana gyara hula, "abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Sai a duba yadda za a gyara."

Jama'a suka fara fita biyu-biyu suna ƙus-ƙus.

Issifu yana bakin famfo yana wanke jinin hannunsa sai ya ji mutum a bayansa. Alhaji ne, shi kaɗai, yana waige-waige.

"Masta," ya ce a hankali, "irin layin ƙasan nan... in mutum ya gan shi a bangon falonsa fa?"

Issifu ya rufe famfon.

"Sabon gidanka na Ayigya?"

Alhaji ya gyaɗa kai.

"Kututture nawa ka binne?"

"Uku. Ka zo ka duba mini yau, don Allah. Iyali suna ciki."

"Zan zo, saboda su. Amma sai ka tsaya inda ka tsaya jiya, ka gaya wa mutanen da ka gaya wa."

"Haba Masta, ai kowa ya riga ya gani."

"Mutum talatin suka gani. Jiya ɗari uku suka ji."

Ladan ya fara kiran azahar. Issifu ya naɗe hannun riga, ya sake buɗe famfon, ya fara alwala.