Ranar da Manaja Ya Yabi Tsayuwa

Ranar Litinin ana tsakiyar taro ƙafar kujerar manaja ta karye. Don kada a ga ya ji kunya, sai ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Ni dama tsayuwa ta fi mini. Mai zama ba ya tunani." Faɗa kawai ya yi, kafin a tashi aiki ma ya manta.

Mataimakinsa kuwa bai manta ba. Washegari manaja ya tarar an kwashe kujerun ma'aikatar kaf an kulle a sito, an buga maganarsa da manyan baƙaƙe an manna a kowace ƙofa. Sakatariya tana buga takarda a sunkuye kamar mai wanki. Har direba sai da ya zo tambaya ko dokar ta shafi mota.

Manaja mai ciwon baya ne, amma da wane bakin zai janye maganar da ke manne a ƙofarsa? Ya daure kwana uku yana jingina da bango, yana murmushin dole. A na huɗu ƙafafunsa suka kumbura, ya lallaɓa banɗaki don ya ɗan zauna.

Ya iske layi har bakin matakala, kowa da fayil a hammata, mataimakin nasa ne a gaba. Ya buɗe baki ke nan sakatariya ta riga shi.

"Yallaɓai, don Allah kada ka ce komai. Wannan kaɗai ce kujerar da ta rage mana."