Toka a Masarar Baba Lasisi

Yusha'u na durƙushe cikin masara, hannunsa dumu-dumu da toka, sai ya ji sanyin adda a wuyansa.

"Tashi, aboki. Me kake barbaɗawa?"

'Ya'yan Baba Lasisi ne su biyu, mai filin da ya ara masa gefe yana lambu a bakin titin jirgin Agege. Tun rigimar ƙabilanci ta Ketu ba a raina ƙaramar magana a Ikko. Yusha'u ya tashi a hankali, bai yar da kwanon tokar ba.

Tsohon ya iso yana dogara sanda. Ya yi fataucin goro a Kano, Hausa a bakinsa take.

"Na ba ka ƙasa, ka saka min da asiri?"

"Baba, toka ce. Ta mai tsire."

"Wa ya aike ka?"

Babu wanda ya aike shi. A ƙauyensu, in ka ga tsutsa a masarar maƙwabci, zuba masa toka kake a tsakiyar ganye ka wuce, ba sai ka yi sallama ba. Ya manta nan ba gida ba ne.

Ya nemi izini da ido, ya tsaga kara ɗaya. Ga tsutsar nan a naɗe, ta ƙoshi.

"'Yar faɗa-wuta ce, mai ruwan ƙasar nan da ke zagaya fitila," in ji Yusha'u. "Kun san ta. Ita ke yin ƙwan."

"Daga wajenku ta zo," in ji babban ɗan. "Cikin kwandunan tumatir. Ka kwashe lambunka yau."

"Wallahi mu a can cewa muke daga Kurmi take zuwa mana, da iskar damina."

Baba Lasisi ya karɓi karan, ya daɗe yana juya shi.

"A Kano na gan ta," ya ce. "A Kumasi ma na gan ta. Can cewa suke 'yan Najeriya ne suka kai musu."

Ya ɗebi tokar ya shinshina. Ƙaurin kitse da yaji. Ya faɗa wa yaran wata magana da Yarbanci, addar ta sauka, amma ba su matsa ba.

"Kunya nawa ka zuba wa tokar?"

"Rabi, Baba."

"To bar sauran haka. In rabinka ya fi, lambu naka ne. In ya mutu, kada na same ka."

Yusha'u ya ɗaga kai. Hadari ya haɗu ta wajen Ikeja, kuma ruwa ɗaya ya isa ya wanke toka.