Jirgin Farko na Gwandu da Kalgo

Shekara takwas Rilwanu yana loda jakunkunan mutane a jirgi, kullum daga Gwandu a kan babur, kuma shekara uku ke nan kamfanin yana yi wa ma'aikata alkawarin ƙarin albashi. Alkawarin ma ba ya canja riga: "Ku bari a gama jigilar alhazai." Da an gama kuwa, sai manaja ya tafi hutu, takarda ta kwanta a durowa.

A bana, da Zubair, shugaban ƙungiyarsu, mutumin Kalgo, ya dawo daga zama da kamfani ɗauke da wannan tsohuwar magana, Rilwanu bai bari ya ƙarasa ba.

"Shugaba, kaza suka ba ka don ka yi shiru ko me? Man babur ya cinye rabin albashina. Lokacin alhazai kaɗai suke tuna muna duniya. In ba mu ajiye aiki ranar tashin farko ba, mu daina kiran kanmu ƙungiya."

"Rilwanu, baƙin Allah ne fa," in ji Zubair a hankali.

"Mu kuma bayin wa ne?"

Aka ɗaga hannu, Rilwanu ya yi rinjaye, aka kai wa kamfani takardar yajin aiki. Shi ba wawa ba ne, ya riga ya duba jerin tashi: jirgin farko na mutanen nesa ne, ba wanda ya san su. Kwana ɗaya tak za su jira, kamfani ya sa hannu.

Ranar suka tsaya a ƙofar shiga, kowa ya harɗe hannu, kekunan kaya na gefe ba mai taɓawa. Motocin maniyyata suka fara shigowa. Rilwanu ya karanta takardar da ke manne a gilashin ta farko: Gwandu. Ta biyu: Kalgo. Jininsa ya tafasa. Wannan ba kuskure ba ne wallahi. Wani mugu ne ya zauna cikin sanyin ofis, ya buɗe fayil ɗin ma'aikata, ya duba garin kowa, sannan ya sa aka juya jerin.

Sai ga Gwaggo Hadijatu ta sauko, wadda ta raine shi bayan rasuwar uwarsa. Shekara goma sha ɗaya tana kiwon tumaki saboda wannan tafiya, kuma shi ya san sai mako mai zuwa za ta tashi. Tana jan jaka a ƙasa, tana haki.

"Rilwanu, ashe kana nan. Jiya aka ce mu ne farko. Na faɗa wa matan nan kar su damu, ɗana ne mai sa kaya."

Ya waiwaya neman abokan yaji. Nasiru, wanda ya fi kowa rantsuwa a taro, yana tsugune gaban babansa. Zubair ya sunkuyar da kai, surukinsa na riƙe da hannunsa. Can sama, bayan gilashi, manaja na tsaye da kofin shayi, ko agogo bai duba ba.

Rilwanu ya ji kamar ya fasa gilashin nan da dutse. Ya ciji leɓe, ya duƙa, ya saɓa jakar Gwaggo a kafaɗa. Bayansa ya ji tayoyin kekuna sun fara ƙara, ɗaya bayan ɗaya.

"Ban faɗa miki ba?" Gwaggo ta ce wa ƙawarta. Ta juyo gare shi tana murmushi. "To ɗana, me zan roƙa maka a can?"

Ya ɗaga ido sama wajen gilashin.

"Gwaggo, ki roƙi Allah ya saka mana."