Baba A-Can

Aski ya kai rabi wuta ta ɗauke. Injin ya yi shiru a hannun mai aski, ya bar kan tsohon gefe ɗaya fes, gefe ɗaya furfura.

"A can," in ji tsohon yana hararar madubi, "da wuta za ta yi wannan rashin kunya, sai shugaban kamfani ya fito ya ba da haƙuri."

"To a nan kai za ka yi haƙurin, Baba. Sunkuyo, almakashi ba ruwansa da wuta."

Abin da ya sa duk layin ke kiransa Baba A-Can ke nan. Da ƙuruciya ya yi aikin walda a wata ƙasa, ya dawo da akwatin ƙarfe, da tari, da wannan kalma. In famfo ya ƙafe, a can ruwa har saman bene yake hawa. In mota ta faɗa rami, a can titi kamar an bi shi da dutsen guga. Shagon mai aski yana jingine da katangar gidan tsohon, don haka mai askin ya sha wannan karatu har ya haddace. Kullum sai sun yi musu, kullum kuma da dariya suke rabuwa.

Da tarin ya yi tsanani aka kai shi asibiti, aka tarar na'urar hoton ƙirji ta lalace. Ɗansa, wanda ya bi sawun uban ya zauna a waccan ƙasa, ya aiko a taho da shi. Abin mamaki, tsohon sai ya fara noƙewa.

"Ni fa tafiyar nan ba ta kwanta min ba."

"Haba Baba," in ji mai aski. "Ka gama cika mana kunne da can, yau can ta kira ka kuma kana ja da baya?" Shi da kansa ya ɗauki akwatin ya sa a mota.

Daga nan hira ta koma waya. Mai aski yakan jingina wayar da kwalbar man gashi, ya ga tsohon a wani ɗaki fari tas, da bargo har wuya.

"Komai akwai," in ji tsohon. "Wuta ko ƙiftawa ba ta yi. Magani har ƙofa. Yaron da matarsa suna fita aiki tun da safe, sai in wuni ina kallon taga. A can kuwa, war haka da tuni wani ya leƙo ya ce ya jiki."

"A can ina, Baba? Ai kana can ɗin."

"A can wurinku mana."

Mai aski ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ba masu jiran layi labari, abin ya zama abin raha a shagon.

Kiran ƙarshe, tsohon ya tuɓe hula ya matso da kansa kusa da waya.

"Dubi yadda na koma. A nan sai ka nemi rana kafin a yi maka aski, kuma mai askin ko musu bai iya ba. Ka yi wa yaron nan magana, yana jin taka. Ka ce ya mayar da ni can."

Mai aski ya tuna da na'urar da ta lalace.

"Ka daure ka gama magani, Baba. In ka dawo me za mu ba ka? Yanzu haka ko wuta babu."

"Ai ban ce a ba ni komai ba."

"Kujerarka tana nan. Bari in sallami mutum, zan kira ka."

Bai yi wa yaron magana ba. A ganinsa gata ya yi wa tsohon.

Wata rana da la'asar ɗan ya kira, muryarsa a dishe. Tsohon ya rasu, har an riga an binne shi; ɗan da abokan aikinsa ƙalilan ne suka raka shi.

"Wallahi Kawu an kula da shi, ba abin da ya rasa. Sai dai kwanakin nan yana ta cewa a kai shi can, a kai shi can. Ina ce masa, Baba ai can ɗin muke. Na ɗauka zafin ciwo ne."

Mai aski ya san gida tsohon yake nufi. Faɗa wa yaron ba zai ƙara masa komai ba sai nauyi, nauyin kuwa nasa ne. Sai kawai ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Kafin rana ta faɗi labari ya zaga layin. Mutane suka taru a ƙofar gidan tsohon da ke kulle, bencin shago bai ishe su ba, wasu suka zauna a bakin kwalbati. Mai aski bai fito ba. Ya zauna a kan kujerar aski yana kallon katangar.

Can sai wuta ta dawo. Injin da ya manta a kunne ya fara ƙara shi kaɗai a kan kantar shagon, yana rawa a hankali kusa da kwalbar man gashi. Bai tashi ya kashe shi ba.