Murjanin Glenys

Ranar da na fara zuwa taron masu kiwon murjanin teku mai rai a garejin Baba Lionel, babu komai a tankina sai ruwan gishiri da duwatsu biyu da wani ɗan kifi mai yawan ɓuya. Wata uku ke nan da na kafa tankin gilashin a ɗakina na haya a birnin Townsville da ke bakin teku, bayan na karance duk wani littafin teku da hannuna ya kai. Na haddace sunayen murjani fiye da hamsin, amma ban taɓa riƙe mai rai ko ɗaya ba.

Asabar ɗin farko ta kowane wata ake haɗuwa. A soya sosej da albasa a bakin gareji, kowa ya zo da 'yan robobinsa masu murfi, a cikin kowacce ɗan reshen murjani yana lilo a ruwa. Ba a sayarwa. Wanda nasa ya yi yawa ya gutsuro ya kawo, wanda ba shi da shi ya ɗauka.

Wani ƙaton saurayi mai suna Sione, mai gyaran firiji, shi ne a bakin kasko. Yana ganina ya ɗaga cokali.

"Baba, ga sabuwa! Daga ganin idonta ta sha karatu. Irinsu ne ke kashe murjani cikin mako guda, da hujja."

"Kai da ka kashe naka cikin kwana uku ba hujja fa?" in ji tsohon daga ciki. "Shigo, 'yata, rabu da shi. Yaya sunan?"

"Tarryn."

Baba Lionel ya yi shekara talatin yana tuƙa jirgin ƙasan ɗaukar rake, hannuwansa kamar faranti. Ya ja ni gaban babban tankinsa, na tsaya ina kallo. A tsakiya akwai wani murjani mai rassa kamar bishiyar da ta zubar da ganye, gindinsa kore, kan kowane reshe shuɗi irin na sararin sama bayan an ɗauke ruwa.

"Wannan ita ce Glenys," ya ce. "Sunan matata. Ita ta rene ta tun tana kamar ɗan yatsa, shekara goma sha tara. Da ta rasu sai mutanen nan suka sa mata sunanta."

Kafin in sami abin cewa ya zura hannu cikin ruwan da filaya. Ƙas! Sai da na dafe ƙirji. Ya ɗiga gam a kan wani ɗan dutse, ya manna reshen, ya saka a roba ya miƙo mini.

"Sharaɗi ɗaya ne. In ta girma, ki gutsura ki ba mutum biyu da ba su da ita. Su ma su ba biyu. Ranar da tawa ta mutu kuma, za ki gan ni a ƙofarki da roba. Sarƙa muke ce masa. Kar ki tsinke ta."

Na yi alkawari har da ƙwalla a idona. A bas na rungume robar nan kamar jaririya, ina harar direba duk lokacin da ya taka burki.

Glenys tana da tsirfa. Ruwa ya ɗan yi ɗumi ta kwaɓe fuska, gishiri ya ɗan yi yawa ta yi fari a gefe. Mutane da yawa sun karɓa ta mutu musu. Amma a wajena ta zauna. Kullum da safe kafin in tafi aiki sai na ja kujera na zauna gabanta da shayina, ina ƙirga sababbin tsiro. Cikin shekara biyu ta kai girman tafin hannuna biyu a buɗe, kowane reshe ya san inda ya nufa. Na san ta kamar yadda ake sanin fuskar masoyi, har da ɗan reshen hagu da ya karkace yana bin haske.

Kuma ban gutsura ko sau ɗaya ba.

Na sayi filaya, tana nan cikin ledarta. Duk lokacin da na ɗauko sai in tuna abin da na karanta, cewa wani lokaci wurin yankan yakan kamu, naman ya fara saɓulewa, kafin kwana biyu ka ga ƙashi fari fat. Wannan dalilin nake faɗa wa mutane. Gaskiyar kuwa, ba na son ganinta da gibi.

"Hajjaju mai sarƙa," Sione yakan ce a kowane taro, ko da yake ba wanda ya san inda ya samo mini sunan sarauta. "Yau ma hannu rabbana aka zo? Ko sai mun kawo sadaki za a ba mu reshe?"

"Ba ta yi ƙwari ba tukuna."

"Ba ta yi ƙwari ba? Na ga hotonta fa. Ta kusa fara biyan kuɗin haya."

Baba Lionel bai taɓa tayar mini da zancen ba. Sai dai ya miƙo mini kek mai kwakwa ya tambayi lafiyar ruwa.

A watan Nuwamba wata dattijuwa ta fara zuwa, Inna Odette, tsohuwar nas da ta yi ritaya. Gidanta layi biyu ne daga nawa. Ta same ni a gefe, tana murza hannun jakarta.

"An ce ke ce mai hannun Glenys. Ba gaggawa nake ba, 'yar nan. In dai wata rana kin samu rara."

"Sai dai nan gaba, Inna," na ce, ina kallon takalmina.

A watan Fabrairu guguwa ta shigo daga teku. Ba ta yi ɓarnar gidaje sosai ba, amma ta karya turakun lantarki. A unguwarmu wuta ta dawo washegari da rana. Kafin nan na yi ta jefa kwalaben ƙanƙara a tanki ina kaɗa ruwan da jug, Glenys ta ɗan dusashe, ta farfaɗo. A unguwar su Baba Lionel kuwa kwana biyar suka yi babu wuta, cikin zafin nan mai kama da numfashin tanda.

Sione ne ya kira ni. Ban taɓa jin muryarsa babu wasa ba sai ran nan.

"Tankin Baba ya tafi gaba ɗaya. Nawa ma haka. Mu biyar ne Glenys ta zauna wa, na bi kowa na tambaya. Ke kaɗai kika rage, Tarryn."

Na ajiye wayar na juya na kalli tankin. Abin da ya fara faɗo mini shi ne Inna Odette. Rana ɗaya wuta ta dawo mana, ni da ita. Da na ba ta, da yanzu biyu ne. Shekarun matar Baba duka, da hannunta da haƙurinta, sun dawo rataye a kan tanki ɗaya, a ɗakin haya, a hannun wadda ta tsinke sarƙa.

Na jira Baba ya zo da roba kamar yadda ya faɗa. Mako guda bai zo ba. Sai na tafi.

Na same shi da hantsi yana wanke tankin da babu ruwa a ciki. A kan tebur ga ƙashin Glenys, fari kamar alli, rassan nan duka suna nan amma babu kowa a ciki. Na kasa riƙe kukana.

"Haba, 'yata, ni da ya kamata in yi kukan ai na gama nawa. Zauna." Ya goge hannu. "Ina ganin rufe shi zan yi. Tsufa ya zo."

"Baba, zan kawo maka tawa. Dukanta, yadda take. Taka ce dama."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe.

"Dukanta. Wato ki ɗauke ta daga tanki ɗaya ki kai ta tanki ɗaya. In aka sake ɗauke wuta fa? Kin fi son ki rabu da ita gaba ɗaya da ki sa mata filaya, ko ba haka ba?"

Haka ne kuwa.

"Matata Glenys ma haka ta yi da farko," ya ce. "Shekara uku ba ta bari an taɓa ba. Ranar da ta fara yanka, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, kamar ni na yanka." Ya yi 'yar dariya. "Ba na karɓar komai a hannunki sai kin biya biyun da ke kanki. Ranar Asabar zan zo. Ki kira Odette."

Asabar da safe ɗakina ya cika da mutum huɗu. Inna Odette ta zo da robarta a naɗe cikin tawul. Sione, wanda shi ne na biyun, ya tsaya a bakin ƙofa don babu wurin da zai ɗauke shi, ya ce ya ari gurbi a tankin wani abokinsa har nasa ya gyaru. Na fito da filaya daga leda na miƙa wa Baba. Ya mai da hannuwansa baya.

"Ni baƙo ne a nan."

"A kawo mata kujera, kar ta sume mana," in ji Sione.

"Rufe mana baki, ɗan nan," Inna Odette ta ce. "Yi a hankali, 'yar nan. Na ga likitoci ma hannunsu na rawa ranar farko."

Na zura hannu. Ruwan da ɗumi, Glenys kuma da kaushi a yatsa, abin da ban sani ba duk shekara biyun nan, don ban taɓa taɓa ta ba. Na zaɓi reshen hagu, karkataccen nan da na fi so, saboda na san in na fara da shi sauran ba za su gagare ni ba. Na rufe ido.

"Buɗe idonki," Baba ya ce a hankali. "Kusa da gindi."

Ƙas.

Wani yauƙi ya fito daga wurin, ɗakin ya ɗauki ƙamshin bakin teku. Na yanka na biyu. Na ɗiga gam, na manna, yatsuna suna mannewa da juna, Sione yana dariya ƙasa-ƙasa. Da na miƙa wa Inna Odette robarta sai na ga kowa yana jirana.

"Sharaɗi ɗaya ne, Inna," na ce. "In ta girma ki ba mutum biyu. Ranar da tawa ta mutu kuma, za ki gan ni a ƙofarki."

"Na ji, na ɗauka," ta ce.

Kwanakin da suka biyo baya na yi ta kallon gibin nan biyu, farare kamar haƙori, ina jiran naman ya fara saɓulewa. Bai saɓule ba. A mako na biyu kore ya fara rarrafowa daga gefe. A na huɗu ya rufe, har wani ɗan shuɗin tsiro ya leƙo a inda na yanka. Ba ta koma yadda take ba, kuma har yau idona yana neman reshen hagun nan. Amma yana gidan Inna Odette, ta ce ya ci gaba da karkacewarsa.

Wata Lahadi da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba Lionel ne, da hularsa mai faɗi, da wata tsohuwar robar man shanu a hannu.

"Na zuba ruwa a tankin tun makon da muka rabu," ya ce. "Sione ya auna, ya ce ruwan ya daidaita."

Na matsa masa ya shigo, na je na ɗauko filaya.